Sayen keke a Dutsin-Ma da Kurfi: Abin da ƙarar sarƙa ke faɗa wa mai saye kafin ya biya kuɗi

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya wa talaka. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Kuɗin mota da na kabu-kabu suka bi sahu. A garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi, inda gona da makaranta da kasuwa kan yi wa mutum nisan da ƙafa ba za ta jure kullum ba, keke ya dawo cikin shawarar magidanta.

Sai dai keken ma ba ya da arhar da aka san shi da ita. Sabo daga waje ake shigo da shi, kayan gyaransa ma haka, faɗuwar darajar naira kuwa ta ɗaga farashinsu gaba ɗaya. Manomin da ya sayar da akuya ko buhun hatsi domin ya mallaki keke, ko ɗalibin da ya tara kuɗin aljihunsa na watanni, ba ya da damar saye sau biyu. Idan ya ɗauko wanda cikinsa ya ƙare, kuɗin gyara na iya kusantar kuɗin saye kafin damina ta zagayo.

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, fenti da ƙararrawa da sabon sirdi ba su ne keke ba. Darajarsa tana cikin sassan da ke kai ƙarfin ƙafa zuwa tayar baya, kuma waɗannan sassa ba sa ɓoye ciwonsu. Suna sanar da shi da ƙara. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a cinikin keke wanda ya iya ji yakan riga mai gani gano aibu.

Dalilin da ya sa keke ke da muhimmanci a yankin

Dutsin-Ma tana kimanin kilomita 60 kudu da birnin Katsina, Kurfi kuma tana kan hanyar da ta haɗa su. Garin Dutsin-Ma na ɗauke da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga kuma madatsar ruwa ta Zobe da masu noman rani da masunta ke dogaro da ita. Daga ƙauyukan Karofi, Shema, Makera da Dabawa, ko daga Birchi, Wurma, Rawayau, Tsauri da Barkiya a ɓangaren Kurfi, yawancin hanyoyin da ke kaiwa gona na ƙasa ne: rairayi da rani, laka da damina.

Matsalar tsaro ta ƙara nuna amfanin abin hawan da ba ya shan mai. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana ɗaukar mutum uku a babur, ta kuma dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. A watan Satumban shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi na cikinsu. Duk wanda ya rayu a wannan lokaci ya ga yadda babur ke iya zama kaya a hannun mai shi, alhali keke na ci gaba da kai mutum inda za shi.

Saboda haka keke a nan kayan aiki ne. Ana ɗora masa buhu, jarkokin ruwa, itace, taki, wani lokaci da yaro a kan kariya. Wannan nauyi da wannan ƙura su ne ma'aunin da za a auna kowane keke da shi.

Kekuna iri uku da ke kasuwa

Na farko shi ne dogon keken gargajiya mai taya inci 28, mai birkin sanda da giya ɗaya. Samfurin Ingila ne, wanda Raleigh na birnin Nottingham ya yi wa suna, har kamfanin ya taɓa kafa masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na Shanghai a China, da Hero da Avon na birnin Ludhiana a Indiya, suka cika kasuwa da irinsa. Yana da nauyi, ba ya da gudu, amma yana ɗaukar kaya, kuma kusan duk mai gyaran keke a bakin kasuwa ya san cikinsa kamar tafin hannunsa. Kayan gyaransa sun fi na kowane iri sauƙin samu.

Na biyu shi ne keken gwanjo mai giya da yawa, wanda aka hau a Turai ko Japan kafin a shigo da shi. Da yawa daga cikinsu ƙarfensu mai kyau ne, kuma ba su da nauyi. Matsalarsu ita ce kowanne da irin kayansa. Idan ƙarfen sauya giya ya karye, ko haƙoran baya suka cinye, mai yiwuwa sai an je Katsina ko Kano kafin a sami wanda ya yi daidai.

Na uku shi ne sabon keken giya mai arha, mai ƙyalli da sifirin gaba da baya. Yana jan ido, musamman na matasa, amma sau da yawa an rage ingancin ƙarfen ne domin a rage farashi. Irin wannan ne Bahaushe ke nufi da arha ba ta ado.

Tambayar da ta fi dacewa mai saye ya yi wa kansa ita ce: idan wani abu ya lalace a jikin keken nan, wa zai gyara mini shi a garinmu, kuma ina zai samo kayan? Mai ɗaukar kaya a hanyar rairayi ya fi samun kwanciyar hankali da mai giya ɗaya. Malami ko ɗalibin da ke bin kwalta da jaka kawai a bayansa zai ji daɗin na gwanjo mai giya, muddin ya duba shi da kyau.

Yadda ƙarfi ke tafiya daga ƙafa zuwa taya

Kafin a fahimci ƙara, sai an san hanyar da ƙarfi ke bi. Ƙafa na taka feda. Feda na ɗaure a ƙarfen feda, shi kuma yana ɗaure a wata gajeruwar sanda da ta ratsa cibiyar keke, wato bututun da ke can ƙasan firam tsakanin ƙafafun mahayi. Sandar na juyawa a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da masu gyara ke kira harsashi ko boris. A ɓangaren dama akwai babban faranti mai haƙora wanda ke jan sarƙa. Sarƙa na jan ƙaramin faranti na baya, wato firiwil, shi kuma ya juya gangar tsakiyar taya, wadda ita ma a kan harsashi take juyawa.

A dogon keke, babban farantin yakan kasance da haƙora 44 ko 46, firiwil kuma 18 ko 20. Idan 44 ne da 18, duk zagaye ɗaya na feda tayar baya na juyawa kusan sau biyu da rabi, keken ya ci kusan mita biyar da rabi. Ke nan tafiyar kilomita 10 na buƙatar a juya feda sama da sau 1,800. Duk ɗan aibun da ke jikin feda, cibiya ko babban faranti, sau 1,800 zai maimaita kansa a tafiya ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramar ƙara ba ta daɗewa tana ƙarama. Wannan lissafi kuma na da wani amfani: mai ɗaukar kaya mai nauyi zai sami sauƙin tuƙi idan ya sa firiwil mai haƙora 20, ko da gudun zai ɗan ragu.

Ƙa'idar farko: a lura da lokacin da ƙarar ke zuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji ƙara a ɗora wa sarƙa laifi, a zuba mata mai, a ci gaba da tafiya. Firam ɗin keke bututu ne, yana ɗaukar sauti daga wannan gefe ya fitar da shi a wancan, don haka kunne kaɗai ba ya iya nuna wurin. Abin da ke nunawa shi ne lokacin da ƙarar ke dawowa, domin kowane sashe da nasa saurin juyawa.

Gwajin farko: a hau keken, a ɗan yi gudu, sannan a daina taka feda. Idan ƙarar ta ci gaba, to sarƙa da feda da cibiya sun fita daga zargi, tun da a lokacin duk a tsaye suke. Sai a koma kan taya, gangarta, birki ko madugadi. Idan kuwa ƙarar ta ɗauke da zarar an daina takawa, to tana cikin sassan da ke jan keken.

Gwaji na biyu: a ƙirga. Ƙarar da ke zuwa sau ɗaya a kowane zagayen feda, kuma a wuri ɗaya, misali duk lokacin da ƙafar dama ta sauko, daga feda take, ko ƙarfen feda, ko cibiya, ko babban faranti. Wadda ke zuwa da sauri fiye da haka, sau biyu ko fiye a zagaye ɗaya, ta tayar baya ce ko firiwil. Wadda kuma ke zuwa a hankali, sau ɗaya cikin zagaye biyu da rabi zuwa uku, ta sarƙa ce, domin sarƙa mai gaɓoɓi kimanin 110 tana buƙatar wannan adadin kafin gaɓa ɗaya ta zagayo inda ta fito.

Gwaji na uku: a miƙe tsaye a kan feda. Idan ƙarar ta ɓace, sirdi ne ko sandarsa, ba ruwan sarƙa. Idan ta ƙaru, to ana zargin feda, ƙarfen feda ko cibiya, saboda nauyin jiki duka ya koma kansu. Wani lokaci ma hannun tuƙi ne ke kuka idan an ja shi da ƙarfi.

Ire-iren ƙara da ma'anarsu

Tsuwa siririya mai ci gaba, kamar kukan 'yan tsaki, alamar sarƙa ce ta bushe. Wannan ce mafi sauƙin magani, kuma mafi yawan faruwa da hunturu.

Gurza mai kama da niƙa, wadda har ƙafa ke ji, tana da tushe uku. Ko dai rairayi ya cakuɗa da mai a cikin sarƙa, ko an ɗaure sarƙar da yawa, ko harsashin cibiya ya fashe. Domin a bambance, sai a cire sarƙar daga babban faranti a juya feda da hannu. Idan ya juya sumul babu sauti, cibiya lafiya take. Idan ana jin gargada, to sai an buɗe ta. A dogon keke, sarƙar da aka ɗaure daidai za ta iya motsawa sama da ƙasa kimanin rabin inci idan an taɓa ta a tsakiya. A gwada a wurare da dama ana juya feda, domin faranti ba ya cika zama da'ira cikakkiya, akwai wurin da sarƙa ta fi tauri. A can ake aunawa.

Ƙwanƙwasa sau ɗaya a kowane zagaye, tare da jin kamar feda ta ɗan faɗa gaba kafin ta kama, ita ce sananniyar cutar dogon keke: kotafin ya saki. Kotafin wata gajeruwar ƙusa ce mai gefe ɗaya a fiƙe, wadda ke riƙe ƙarfen feda a jikin sandar cibiya. Mutane da dama kan ɗauko sufana su ɗaure notinsa da ƙarfi, sai zaren ya cinye, domin notin ba don jan ƙusar aka yi shi ba. Yadda ake yi shi ne a tokare ƙarfen feda daga ƙasa, a buga ƙusar da guduma ta zauna, sannan a ɗaure notin ya riƙe ta. Idan ba a tokare ba, bugun na sauka a kan harsashin cibiya ya lotsa mazauninsa. Ƙusar da ta riga ta yi tsagi sauya ta ake yi. Idan aka bar ta tana wasa, ramin ƙarfen feda ne zai faɗaɗa, a nan kuma sai sayen sabon ƙarfe. Haka nan ƙusoshin biyu, na dama da na hagu, dole su fuskanci saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su tsaya a layi ɗaya ba.

Feda ita ma tana ƙwanƙwasa idan harsashinta ya saki ko ba ta ɗauru sosai ba. A nan akwai abin da ke ruɗar mutane: zaren fedar hagu a juye yake. Ta dama ana ɗaure ta kamar kowane noti, ta hagu kuwa akasin haka. Wanda ya tilasta ta zai kashe zaren ƙarfen feda.

Tsalle, wato sarƙa ta zame a kan haƙora da ƙara mai ƙarfi daidai lokacin da aka danna feda a hawa ko da kaya, shi ne mafi haɗari. Yana nufin sarƙa da haƙoran firiwil sun cinye. Idan kuma feda ta juya fayau ba ta ja komai ba, sannan can ta kama, to ƙananan ƙugiyoyin cikin firiwil ne datti ko tsohon mai ya liƙe. Wani lokaci kananzir da ɗan siririn mai na farfaɗo da su, wani lokaci sai sabo.

Ƙaramin tsalle da ke zuwa sau ɗaya cikin zagaye uku gaɓa ce ta ƙage. A juya feda baya a hankali ana kallon sarƙa inda take lanƙwasa a kan firiwil, za a ga gaɓar da ta ƙi miƙewa. A sa mata mai, a riƙe ta da hannu biyu a ɗan lanƙwasa ta gefe da gefe har ta saki. Sau da yawa a wurin da aka taɓa haɗa sarƙa da guduma ake samun wannan.

Karce mai kama da gogar gwangwani yawanci gidan sarƙa ne ya lotsa, ko madugadi na taɓa taya. Ba ya da haɗari ga keken, kuma hannu kaɗai na gyara shi.

A keken giya akwai ƙari. Kacau-kacau a baya, kamar sarƙa na son hawa wani faranti ta kasa, yana nufin wayar giya ta saki ko ta yi tauri, kuma akwai ɗan mazagi a jikin ƙarfen sauya giya da ake murɗawa kaɗan-kaɗan har sautin ya ɗauke. Idan an murɗa an murɗa wasu giyoyin sun gyaru wasu sun ƙi, a tsuguna a bayan keken a duba ƙarfen: ya kamata ya sauko a miƙe ƙarƙashin faranti. Idan ya karkata ciki, to keken ya taɓa faɗuwa ta dama. Wannan ba abin wasa ba ne, domin ƙarfen na iya shiga cikin wayoyin taya ana cikin gudu. Haka kuma haɗa babban faranti na gaba da mafi girma na baya, ko ƙarami da ƙarami, na karkatar da sarƙa ta yi ta goga. Wannan ba lalacewa ba ce, yanayin tuƙi ne.

Awon sarƙa da tef ɗin tela

Sarƙar keke a ko'ina cikin duniya awo ɗaya gare ta: tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne. Saboda haka a sabuwar sarƙa, idan aka ɗora farkon tef a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta sauka daidai a tsakiyar wata ƙusar. Yayin da ƙusoshin ke cinyewa, sarƙar na ƙara tsawo. Idan ƙusar ta wuce alamar da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin sauya sarƙa ya yi. Idan ta wuce da kashi ɗaya cikin takwas, kimanin milimita uku, to ta riga ta cinye haƙoran firiwil ma. A yi awon a layin sama na sarƙar ana danna feda, domin ta miƙe sosai.

Wanda ba ya da tef zai iya kama sarƙar a gaban babban faranti ya ja ta waje. Idan ta ɗago har ana hango haƙori kusan duka, ta tsufa. A dubi haƙoran su ma. Lafiyayyen haƙori gefensa biyu iri ɗaya ne, wanda ya cinye kuwa yakan yi tsini ya lanƙwasa kamar ƙaya.

Amfanin wannan awo ga aljihu a fili yake. Wanda ya sauya sarƙa a kan lokaci abu ɗaya zai saya. Wanda ya jira har ta fara tsalle zai sayi sarƙa da firiwil, wataƙila har da babban faranti. Sabuwar sarƙa a kan tsohon firiwil da ya cinye takan fi tsohuwar tsalle, shi ya sa ake sauya su tare. Cire gaɓa ɗaya daga sarƙar da ta yi tsawo, kamar yadda ake yawan yi, yana ɗaure ta ne kawai, ba ya mayar da abin da ya cinye. A kuma lura cewa sarƙar keke mai giya ɗaya ta fi ta keken giya faɗi, ba a musanya su.

Ƙura, ruwa da batun mai

A wannan yanki abin da ke kashe sarƙa shi ne ƙura da mai idan suka haɗu. Mai da aka malala a bayan sarƙa yana kama rairayi, su zama wani kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Wurin da ake buƙatar mai shi ne cikin gaɓoɓin, inda ƙusa ke juyawa.

Hanya mai kyau ita ce a wanke sarƙar da kananzir da tsohon burushi, a bar ta ta bushe, a ɗiga siririn mai a kowace gaɓa, a juya feda baya na ɗan lokaci ya shiga ciki, sannan a goge bayanta da tsumma har ta kusa bushewa. Baƙin mai da aka zubo daga inji, wanda aka fi amfani da shi saboda arha, yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da datti. Ya fi babu, amma ɗan sabon man inji ko man keken ɗinki ya fi shi nesa ba kusa ba. Man gyaɗa da manja kan daskare su yi danƙo. Fetur kuwa bai kamata a wanke komai da shi ba saboda gobara.

Harsashin cibiya da na gangar taya ba mai suke so ba, giris suke so. Keken da ke ratsa rafi da damina, ko wanda ke zirga-zirga a fadamun Zobe, ya dace a buɗe masa waɗannan wurare bayan ɗaukewar ruwa, a wanke, a sa sabon giris. Idan harsashi ɗaya ya fashe, duka na gefen ake sauyawa, domin sabo da tsoho ba girmansu ɗaya ba. Gidan sarƙa na dogon keke, wanda wasu ke cirewa saboda karce, shi ne babban mai kare sarƙa daga ƙurar hunturu. Gyara shi ya fi jefar da shi.

Gwajin da za a yi kafin a biya

Ba a cinikin biri a sama. Mai sayarwar da ya hana a hau keke ya riga ya ba da amsa. Kafin hawa, a fara da firam, domin shi kaɗai ne ba a sauyawa da sauƙi. A duba mahaɗan bututu, musamman bayan wuyan keke da kewayen cibiya, ko akwai tsaga, walda ko fentin da ya tattare. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai abin tambaya ne. A tsaya a gaba a duba ko tayar gaba da ta baya suna layi ɗaya.

Sannan a kama ƙarfen feda a girgiza shi ciki da waje. Bai kamata ya yi wasa ba. A kama kowace taya a girgiza ta gefe da gefe. A ɗaga ta a juya, a kalli rim a kusa da robar birki ko yana rawa, a matsa wayoyin taya biyu-biyu a ji ko akwai sakakku ko karyayyu. A riƙe birkin gaba a tura keken gaba da baya, idan wuya na ƙwanƙwasa harsashinsa ya saki. A auna sarƙa, a dubi haƙora. Sarƙar da aka jiƙe da mai mai kauri ranar kasuwa ta cancanci ƙarin bincike, domin mai na rufe ƙara na ɗan lokaci.

Daga nan a hau, a fita daga hayaniyar kasuwa, a yi gwaje-gwajen nan uku: a taka, a daina takawa, a miƙe a danna da ƙarfi. Mai giya kuma a bi giyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane aibu ne ke hana saye ba. Busasshiyar sarƙa, kotafin, robar birki da wayar giya ƙananan abubuwa ne da za a rage kuɗinsu a ciniki. Sarƙa da firiwil da suka cinye tare, ko rim da ya lanƙwashe, sai a tambayi farashinsu wurin mai kayan gyara kafin a yi tayi. Firam da ya tsage kuwa, ko zaren cibiya da ya mutu, a bar wa mai shi kayansa.

Sabon keke ma ba ya tsira daga wannan bincike. Dogayen kekuna a wargaje suke zuwa cikin kwali, a nan ake haɗa su, kuma ingancinsu ya danganta da hannun da ya haɗa. Yana da kyau a mayar da sabon keke wurin mai gyara bayan makonni biyu ko uku, ya sake ɗaure wayoyin taya da kotafin, ya duba ko an sa isasshen giris tun farko. Wanda bai san kan keke ba, ya tafi da mai gyaran da ya amince da shi. Ɗan abin da zai ba shi bai kai asarar da zai kauce wa ba.

Shaida da lamba

Keke na cikin kayan da aka fi saurin sacewa da saurin sayarwa, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka. Yawancin kekuna na da lamba da aka buga a jikin firam, galibi a ƙarƙashin cibiya ko kusa da sandar sirdi. A rubuta ta a takardar ciniki tare da sunan mai sayarwa da na shaidu, a sayi na hannu ta wurin dillalin da aka san mazauninsa a kasuwa. Lambar da aka goge ko aka kankare dalili ce ta fasa ciniki, komai arhar keken.

Ƙarar da ba ta jira

Yawancin ƙararrakin keke na iya jiran ranar kasuwa. Uku ba sa jira: sarƙar da ke tsalle idan an danna, ƙarfen sauya giya da ke taɓa wayoyin taya, da kukan da ke fitowa daga firam ko hannun tuƙi wanda ke ƙaruwa kullum, domin yana iya zama tsaga. Kowanne daga cikinsu na iya kayar da mahayi, kuma a kan titin Katsina zuwa Dutsin-Ma, inda keke ke raba hanya da manyan motoci, faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce. Sauran kuwa, tef ɗin tela, tsumma, ɗan kananzir da kwalbar siririn mai sun isa su riƙe keke shekaru, muddin mai shi ya saurare shi tun ƙarar tana ƙarama.